Keken da Yaya Ya Ƙi Gamawa

Shagona da na yayana bango ɗaya ne ya raba su, kuma bangon ba shi da wani kauri. Shekara ashirin da uku ke nan ina ɗinki a wannan gefe, shi yana walda a wancan, har na kai ina gane aikin da yake yi daga ƙara kawai. In na ji magagari yana tafiya a hankali a kan ƙarfe, na san an kusa gama wani keke. In kuwa guduma na ji tun da safe, to wani ya kawo masa aikin da wani makanike ya jagwalgwala, ranar ko gaisuwa a taƙaice ake yi masa. 'Yan unguwa Injiniya suke ce masa, ko da yake bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba. Ni kuma ƙanwarsa, Tela yake ce mini tun ina koyon sa zare a allura, kamar iyayenmu ba su raɗa mini suna ba.

Da facin taya ya fara, a bakin titi, da bokitin ruwa da famfo ɗaya. Daga nan ya sami aiki a wani kamfani mai ƙera gadajen asibiti, can ya koyi walda da lanƙwasa bututu ba tare da ya lotse ba. Da kamfanin ya rufe bayan shekara goma sha ɗaya, sai ya kama shagon nan yana gyaran firam ɗin kekuna, wato ƙarfen nan da sirdi da tayoyi da komai suke jingine a kansa. A nan ya lura da wani abu. Yawancin masu kukan ciwon baya da ciwon gwiwa, ba tsufa ke damunsu ba, keken ne bai dace da jikinsu ba. Sai ya soma ƙera nasa firam daga ɗanyen bututu, kowane mutum da nasa. Masu zuwa wurinsa ba 'yan tsere ba ne. Masinjoji ne, da malaman makaranta, da masu gadi, mutanen da keke ke kai su aiki ya dawo da su kullum.

Yana da ƙa'ida ɗaya, kuma a kanta ya kori mutane da yawa: ba ya ƙera wa mutum keke sai ya gan shi a kan keke. Akwai wani tsohon keke a shagon, mummuna, ba fenti, wanda komai nasa yake motsawa, sirdin ya yi gaba ya yi baya, kan ya hau ya sauka. Keken gwaji ke nan. Duk wanda ya zo sai ya hau shi ya je ƙarshen layi wajen famfon ruwa ya dawo, har sau uku, Yaya yana tsugune a bakin kwata ya zuba wa gwiwar mutum ido. Ba ya rubuta komai sai an dawo daga ta ukun. Cewa yake a tafiyar farko mutum burga yake yi, a ta biyu kunya yake ji, sai a ta uku yake mantawa ana kallonsa ya zauna yadda ya saba. Wani babban mutum ya taɓa aiko direbansa da awon jikinsa a takarda, Yaya ya ninke takardar ya mayar masa, ya ce a gaida mai gida, in ya sami sarari ya zo da kansa.

Ni dai wannan abu taurin kai nake ganinsa. Na ɗinka wa mata da yawa kaya da awon da suka karanto mini ta waya, ba wadda ta dawo da shi. Duk sanda na faɗa masa haka, sai ya ce ai riga ba ta gangarawa da mutum cikin kwata. In na ƙara magana ya kunna injin walda.

'Yarsa ɗaya ce tak, amma Auta yake kiranta, mu ma duk muka bi. Mahaifiyarta ta rasu tana aji biyu a sakandare, don haka tsakanin shagunan nan biyu ta ƙarasa girma, ta yi aikin makaranta a kan teburin yankana, ta ci abincin rana a kan bencin ubanta. Ta karanci aikin jinya, ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, wadda sai an hau jirgi biyu kafin a isa. Ranar da za ta tafi, Yaya bai raka ta filin jirgi ba, wai yana da aikin da ba ya jira. Ni na raka ta. Da na dawo na same shi zaune a ƙofar shago, ko makullin bai buɗe ba.

Duk ƙarshen mako takan kira a wayata, don tasa wayar mai maɓalli ce, ba ta nuna fuska. Kafin lokacin ya yi, sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya canza riga, ya shigo shagona ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki. Ni nakan ce mata na yi kewarta, in yi kukana in share. Shi kuwa bai taɓa faɗa ba. Sai dai ya tambaye ta ko tana cin abinci, ko sanyin garin ya ragu, ko tana sa wa sarƙar kekenta mai. Ta sayi wani keke na hannu a can, da shi take zuwa asibiti, kuma rabin hirarsu a kan wannan keke take ƙarewa.

A shekararta ta huɗu a can ne, wata rana tana ba mu labari tana dariya. Gidan da take haya a kan tudu yake, asibitin yana ƙasa, garin kuma ruwan sama ba ya ɗaukewa. Birkin kekenta irin na roba ne mai kama gefen taya, in ya jiƙe sai ya riƙa sulɓewa. Ta ce ta matse shi iya ƙarfinta a gangaren, keken ya yi kamar ba da shi ake ba, sai ga ta cikin shingen furannin wata tsohuwa, ƙafa a sama. Ta yi dariya, na yi dariya. Yaya bai yi ba. Ya tambaye ta tsawon gangaren, da ko akwai kwana a ƙarshensa, da ko motoci na fitowa daga gefe. Ta ce akwai, suna fitowa.

Washegari da safe na ji ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa. Na leƙa na ga ya jingina faffaɗan katako a bango, yana zana keke a kai da fensir, girmansa na gaske. Kafin azahar ya shigo shagona ya baza takarda a kan yadin mutane, ya hau yi mini bayanin da ban tambaya ba. Birkin faifai zai sa mata, irin na babur, wanda faifan ƙarfe ke tsakiyar taya, nesa da ruwan titi, ko an jiƙa shi yana ci. Amma wai ba a liƙa irin wannan birki a kowane firam. Duk ƙarfinsa a gefen hagu yake sauka, don haka ƙafar hagu, cikin biyun da tayar gaba ke shiga tsakaninsu, sai an yi ta da bututu mai kauri, a baya kuma a ƙara ɗan guntun ƙarfe ya tokare, in ba haka ba wata rana firam ɗin ya tsage. Bakin da ke riƙe tayar gaba zai juya shi ya kalli gaba, don kada birki ya fizge tayar ta fice. Mazaunin birkin baya kuma zai saukar da shi ƙasa, ya bar wurin kariyar ɗora kaya da marufin taya, saboda tana ɗaukar jaka kuma ba ya so taɓo ya ɓata mata fararen kaya. Bututun sama zai yi ƙasa da shi yadda za ta sauke ƙafa da sauri ko da doguwar riga. Na ce masa duk na ji, ya ɗage mini takardarsa daga kan yadin amarya.

Rabona da ganinsa cikin irin wannan walwala tun matarsa tana da rai. Cikin wata biyu ya gama ƙafafun gaba da duk ɓangaren baya. Ya sayo faifai biyu da birkinsu, ya ɗaura wa tayoyin wayoyinsu na ƙarfe da hannunsa. Saura bututu uku na tsakiya, waɗanda tsawonsu ne ke sa keke ya dace da mai shi ko ya ƙi. A kiran ƙarshen makon nan ya nuna mata komai, ta yi ta murna, sannan ya gyara zama ya ce saura ta zo ta hau keken gwaji.

Ta ce in sha Allahu in ta sami hutu. Kafin nan ta ce bari ta aiko da awo. Ni na karɓa, na rubuta da kyau: tsawonta, tsawon ƙafa daga ciki, tsawon hannu, faɗin kafaɗa. Ya duba ya ce awo ba ya faɗin yadda mutum yake zama. Ta sa wata abokiyar aikinta ta ɗauke ta a waya tana tuƙi, ta turo. Ya kalli hoton nan ya fi sau hamsin, har ya riƙa aron wayata yana cinye mini caji, daga ƙarshe ya ce mai ɗaukar ta tsaya a gefen da bai dace ba. Aka sake ɗauka daga ɗaya gefen. Ya ce wannan karon ta san ana kallonta.

Hutun farko bai samu ba, ma'aikata sun yi ƙaranci. Na biyu ya faɗa lokacin sabunta takardunta na zama, ba ta da halin fita. Na uku jarrabawar ƙarin girma ta cinye shi. Ban ga laifinta ba, yarinya ce mai neman na kanta a ƙasar mutane. Bututun nan uku kuwa ya naɗe su a tsumma mai mai ya ɗora a kan kanta ta sama. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya sauko da su ya goge ya mayar. A tsakanin nan ya ƙera wa mutum tara kekuna, kowa ya hau nasa ya tafi, na Auta yana rataye a bango ba tsakiya.

Ni bakina ba ya iya shiru. Wata rana na same shi yana gugar bututun, na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, keke kake ƙerawa ko tarko ka ɗana wa yarinyar nan?"

Ya sha kunu, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, bai karya ta don mai kuɗi ba, ba zai karya ta don 'yarsa ba. Ranar guduma na sha har la'asar, alhali na san ba wani aikin guduma a shagon.

Haka muka ci shekara biyu. Sai wata Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara, Auta ce, kuma ba ranar kiranta ba ce. Murya kawai ta kira, ba fuska. Na ce ta buɗe in gan ta, ta ce wai ba ta yi kwalliya ba. Na ce ni da na yi mata wanka tana jaririya, wace kwalliya za ta yi mini. Da ta buɗe, sai ga hannunta na hagu a naɗe cikin farin ɗaurin asibiti tun daga yatsu har gwiwar hannu, gefen fuskarta a kumbure. Gangaren nan ne dai, da ruwan nan, da birkin nan. Wata motar kaya ce ta fito daga kwana, ta kauce mata ta daki bakin titi. Ƙashi biyu ne suka karye a wuyan hannun.

Da na gama salati, faɗa na hau yi mata. Na ce ita da take aiki take ɗaukar albashi, me ya hana ta sayen keke mai birkin kirki tun faɗuwar farko?

Ta ce, "Gwaggo, Baba yana yi mini nawa. In na sayi wani, zai ga kamar na gaji da jiran nasa ne."

Ta roƙe ni kada in gaya masa. Na ce to. Ina ajiye wayar na zagaya shagonsa, ko takalmi ban tsaya sawa ba, na faɗa masa duka, har da dalilin da ya hana ta sayen wani keken. Ban sassauta ba, don raina a ɓace yake, da shi da ita da ni kaina da na yi shekara biyu ina kallo.

Ya kashe injin. Ya cire gilashin walda ya riƙe a hannu, ya zauna a kan benci. Na taɓa ganin jikin Yaya ya yi sanyi haka sau ɗaya, ranar da aka fito da gawar matarsa daga ɗakin asibiti. Har na fara nadamar yadda na yi maganar. Can sai ya ɗago ya tambaye ni ko gaskiya ne kayan da nake ɗinka wa Auta a jikina nake gwadawa. Na ce haka ne, tsawonmu ɗaya, sai dai na fi ta faɗi. Ya tashi ya janyo keken gwaji ya ce in hau.

Rabona da keke ya fi shekara talatin. Na koma shago na sa wando a ƙarƙashin riga, na fito. Mai shagon kayan miya da ke tsallake ta bar cinikinta ta fito kallo, mai wankin mota ya ajiye tiyo. Tafiyar farko a karkace na yi ta, na kusa shiga kwata sau biyu, ana ta yi mini kirari. Da na dawo, ya matsar da sirdin baya, ya sauke kan keken kaɗan. A ta biyu ya biyo ni da ƙafa yana ba ni umarni. In sauke kafaɗar hagu, ita haka take yi. Kada in miƙe gwiwar hannu, ita a lanƙwashe take barinta. In matsa can ƙarshen sirdi. In juya yatsun ƙafa ciki, musamman ta dama. In daina kallon tayar gaba, ita nesa take kallo, shi ya sa ba ta ganin rami. Ina haki ina cewa a raina, mutumin da ya ce bai san yadda take zama ba, ina ya samo duk wannan?

A ta uku na waiwayo daga wajen famfo, na ga ba ni yake kallo ba. Yana tsugune a inda ya saba, amma kansa a sunkuye. Da na iso na jingina keken, na bi shi cikin shago, ya sauko da bututun ya kwance tsumman. Bai rubuta komai ba. Ya je wajen katakon zanen, ya ɗaga wani kalanda da ke rataye a kusurwarsa. Lambobi uku ne a ƙarƙashi, da fensir, har sun fara dushewa.

Na ce, "Yaya, wannan tun yaushe?"

Ya ce, "Tun ranar da ta faɗa shingen tsohuwar nan. Ni na riƙe mata sirdi tana shekara shida, Tela. Na san inda zan yanka." Ya ɗaura bututun farko a kan tebur, ya ɗauki zarto, sannan ya ƙara da cewa, "So nake ta shigo layin nan in gan ta, shi ke nan."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na tsaya na riƙe masa ƙarshen bututun har ya yanke.

Kwana tara ya yi a kai, bai karɓi aikin kowa ba. Ya yi masa fenti ruwan ƙwai mai haske don direbobi su hango ta cikin ruwa. Ranar gwaji ya sa na kwara wa faifan bokitin ruwa guda, ya hau, tsoho mai shekara sittin da huɗu, ya nufi gangaren gada da gudu, ya damƙe birki. Keken ya tsaya cak, Yaya ne ma ya kusa wucewa ta kan keken. Ya maimaita sau shida, kowane karo da sabon bokiti, har mai wankin mota ya ce a bar masa ruwan sana'a. Ni kuma na haɗa ƙyallayen da suka rage mini na ɗinka wa kowane bututu riga mai soso, muka sa a kwali, muka kai wa masu jigilar kaya. Ya tsaya yana kallon kwalin har aka shige da shi ciki.

Sai da keken ya yi mako shida a hanya. Kafin ya isa an cire mata ɗaurin, wani mai gyaran keke a can ya haɗa mata. Ranar da ta kira, a waje take, ana yayyafi, hular kwano a kanta. Abokiyar aikinta ta riƙe wayar, muka ga ta gangaro daga kan tudun, kafaɗar hagu a sauke, ta zo daidai kwanar ta tsaya ba ko sulɓi. Ta karɓi wayar tana haki tana dariya.

Ta ce, "Baba, wallahi kamar a jikina ka ƙera shi. Ko sirdin ban taɓa ba. Ka ga ashe ba sai na zo ba ma."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, yabo take yi masa. Na saci kallonsa. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, madalla. Ya ce ta riƙa goge faifan da tsumma mai tsabta, kada ta bari man sarƙa ya taɓa shi, in ta ji yana ƙara ta kai a duba. Ta ce to, ta yi godiya, ta yi masa addu'a, ta ce za ta makara.

Ya miƙo mini wayar, amma bai tashi daga kujerar ba. Na koma kan ɗinkina na yi kamar ina neman almakashi. Can ya ce, "Tela, yanzu me zan ce mata ta zo ta yi?"

Na ce ya ce mata yana son ganinta.

Ya ce, "Haka kawai?"

Na ce haka kawai, ai ba laifi ba ne uba ya yi kewar 'yarsa. Ya ce zai gwada a kira na gaba. Na yi masa alkawari ba zan riga shi faɗa ba, kuma wannan karon na riƙe bakina, ko da yake yana ci na.

Mako bakwai ke nan da muka yi wannan magana. Jiya ma ta kira. Da suka gama gaisawa ya gyara zama, ya kira sunanta, ta ce na'am, har na ga maganar ta taso masa. Sai ya tambaye ta ko tayar baya tana riƙe iska.